Kula da Kubanni aikin unguwa ne

Rafin Kubanni ya ratsa Zariya ya faɗa kogin Galma, madatsarsa da ke Samaru kuma ita ke shayar da Jami'ar Ahmadu Bello. Laka da shara na cike ta sannu a hankali, abin takaici.

Masu lambu su bar ciyawa a bakin ruwa, kada su nome har gaɓa. Saiwoyin ne ke riƙe ƙasa, a nan kuma zalɓe da balbela ke kiwo. Wanke tankin feshi a rafi na kashe tarwaɗa da karfasa. Masunta su ajiye koma mai ƙananan ido da damina, lokacin da kifi ke ƙwai.

Masu unguwannin Sabon Gari su sa ranar gayya, a kwashe leda daga magudanai kafin ruwan farko.