Darajar Tsohon Gidan Ƙasa a Birnin Daura

Duk baƙon da ya sauka Daura, Kusugu ya kan fara tambaya, rijiyar da aka ce Bayajida ya kashe macijiya a cikinta. Amma mu masu koyon aikin malanta mun lura da wani abin tarihi da a kan wuce ba a duba ba, watau tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, waɗanda su ke jere manne da juna a bakin lungu, katanga guda ta raba maƙwabta biyu.

To, mu dubi ginin. A kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta kwanaki ta tsima, sa'an nan a cura tubali a shanya. Magini ya kan kaurara gindin bango, ya rage shi a bisa, domin ya tsaya da ƙarfi. Kaurin nan shi ke tare zafin rana da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara ba ta jure nauyin ƙasa kadan faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka magina suka yi dabarar bakan gizo, su kan ɗaure azara bisa azara daga bango biyu har su gamu a tsakiya. Da wannan dabara aka rufe zaurukan fadar Daura, da ita kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846.

Tsarin gidan ma ladabi ya ke koyarwa. Baƙo ya yi sallama ya tsaya a zaure, na kusa ya ƙetare ƙofar gida zuwa shigifa, iyali kuwa suna ciki cikin sutura.

Sai dai gidan ƙasa ba ya son sakaci. Kadan ba a yaɓe shi kafin damina ba, ba a shafa makuba ta ɓawon ɗorawa ba, indararo kuma ya toshe, ruwa ya kan kwanta a bisa har azara ta ruɓe. Waɗansu su kan shafe bangon da siminti, sai danshi ya shige ta baya, shafen ya ɓanɓare. Ranar da aka rushe gida aka kafa na bulo da kwano, ilmin da ke jikinsa ya tafi ke nan.

A Kano an tsare Gidan Makama, har ya zama gidan tarihi. Mu ma muna da namu aiki. Kowanenmu, in ya kama aji, ya nemi izinin mai gida, ya kai yara su auna zaure, su zana bakan gizo, su rubuta sunan kowane sashe daga bakin tsohon magini tun yana da rai. Allah ya sa mu riƙe abin da kakanni suka bar mana, amin.