Saƙata Tana Karkacewa

Tambaya: Anti, ina koyon saƙar kwarashi mai huji-huji, mai hawa da sauka, amma kullum gefen sai ya karkace. Daga wata ɗaliba, Potiskum.

Amsa: 'Yata, lissafi ne ke kuɓuce miki. Duk idon da kika ƙara a tudu, sai kin rage kamarsa a kwari: kin ƙara 2, ki tsallake 2. Ki ƙirga layi kafin ki juya. Sarƙar farko kuma ki sassauta mata hannu.

Ki koya da farin zare mai kauri, baƙi ɓoye ido yake yi. Da zafin nan na Potiskum, auduga ta fi. Ulu sai hunturu. In kin gama, ki jiƙa, ki shimfiɗa a inuwa, hujin zai buɗe.