In za ka je Butre

Butre ƙauyen masunta ne a ƙasar Ahanta, yamma da Takoradi a Ghana. Daga Takoradi ka hau motar Agona Nkwanta, can za ka samu tasi. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don babu banki a ƙauyen.

Fara da kangon sansanin Batenstein tun da sanyin safiya, kafin rana ta buɗe. Mutanen Holan ne suka gina shi a kan tudu a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Hawan gajere ne amma da wuya, silifas ba zai yi ba. A sama rufin ya zube, saiwoyi sun cusa cikin bangon dutse, daga nan kuma kana hango inda kogi ya haɗu da teku, da kwalekwale masu fenti jere a bakinsa. Ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora. Abin da za ka ba shi bai kai abin da za ka ji ba.

Teku kuwa, kada shirun wurin ya ruɗe ka. Igiyar ruwan nan tana ja ta ƙasa, ko gwani sai ya yi hattara. Tambayi masunta inda ake shiga, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hotonsu.

Ka guji watan Mayu da Yuni, lokacin ruwan sama ya fi ƙarfi, hanya kuma takan lalace.