Rabin Labari

Ɗan'uwa mai karatu, kana sauraren rediyo? A Gangara, da Gazawa, da Gidan Rumji, da wuya ka samu gidan da babu akwatin rediyo. Muna jin Muryar Sahel. Muna kama tashoshin Najeriya, tunda iyaka ga ta nan kusa. Abin da aka faɗa a Kano da safe, kafin la'asar ya iso kasuwarmu.

To, ga abin da ya faru. A shekarar 1996 ciwon sanƙarau ya ɓarke a Kano. Wani kamfanin Amurka, Pfizer, ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, har magana ta kai kotu. Wannan gaskiya ce, kuma ƴan jarida sun kyauta da suka tona ta.

Amma lura da kyau. Trovan maganin marar lafiya ne, ba rigakafi ba ne. Masu baza labari da yawa ba su rarrabe ba, sai suka haɗa su wuri guda.

A shekarar 2003 sai magana ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. Aka yi ta maimaita ta a jaridu, a rediyo, a majalisa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda. An auna maganin, daga baya aka kawo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka ci gaba a watan Yuli na 2004. Sai dai labarin tsoro ya riga ya yi nisa, na awon kuwa mutane kaɗan suka ji shi. Daga nan, cikin ƴan shekaru, cutar ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran Nijar ma ta nakasa su. Yaron da shan inna ta shanye wa ƙafa, babu maganin da zai mayar masa da ita.

A watan Fabrairu na 2013 wata tashar Kano, Wazobia FM, ta sake tayar da zancen. Kwanaki kaɗan bayan haka ƴan bindiga suka kashe masu rigakafi 9 a garin. Ba a tabbatar cewa shirin ne sanadi ba, kada mu ma mu ba da rabin labari. Amma tsoro ya ƙaru ƙwarai.

Sai a ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka.

Yanzu labari har ta salula yake zuwa. In ka ji an ce allura ta kashe wani yaro, tambayi: wa ya faɗa? A wane gari? Yaushe? An ji ta bakin likita? In ɗanka ya yi zazzaɓi kaɗan bayan allura, hakan yana faruwa, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya daɗe, ɗauki katinsa ka kai shi gidan likita. Ai yanzu ka iya karanta abin da aka rubuta a katin da kanka.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin Trovan da rigakafi?
2. Wane labarin allura ka taɓa ji a garinku? Daga bakin wa?