Darasi: Yadda Za Mu Taimaki Mai I'ina

'Yan'uwa cikin Kristi, Littafin Fitowa, sura 4, ya nuna mana cewa Musa ya ji tsoron aiken Ubangiji saboda harshensa ba ya sakuwa. Allah bai fasa aikensa ba, sai ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. To, mu fa, yaya muke yi da masu i'ina da ke cikinmu?

Da farko mu san abin da i'ina take. Ba aikin iskoki ba ce, ba kuwa alamar ƙarancin hankali ba. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, sa'ad da yaro ke koyon haɗa kalmomi. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta, yawancinsu kuma takan sake su. A cikin manya kuwa, kusan mutum 1 cikin 100 ne, maza sun fi yawa. Tana bin jini. A 2010 masana suka gano wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki. Don haka duka ba ya raba yaro da ita, yankan ƙasan harshe wurin wanzami ma haka, sai dai ya jawo ciwo.

Abin da yakan ƙara mata nauyi shi ne gaggawarmu. Saboda haka:

1. Mu saurara har ya gama. Kada mu ƙarasa masa kalma, kada mu kawar da ido.
2. Maimakon mu ce masa "yi a hankali", mu kanmu mu rage saurin maganarmu.
3. Iyaye su keɓe ɗan lokaci kullum na hira da yaron, su kuma hana ba'a a gida.
4. Katikis kada ya tsallake shi a aji. I'ina takan ragu ƙwarai sa'ad da ake waƙa ko karatu baki ɗaya, don haka a haɗa shi da wani su amsa tare, a kuma karɓe shi cikin mawaƙa.
5. In ta wuce wata 6, a nemi masanin gyaran magana a babban asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda aka katse shi sau da yawa yakan zaɓi shiru, har ya guji ikirari da taron Ikilisiya. Kada mu zama sanadin wannan shirun. Ubangiji ya ba mu kunnen haƙuri. Amin.