Yadda ake hana makunnan gilashin kyamara gocewa

Mai hoton da ya taso daga Wurno a kan kabu-kabu zuwa ɗaurin aure a Rabah, kyamara rataye a kafaɗa tana bugun haƙarƙarinsa, yakan isa ya tarar hoto ya ƙi fita tas. Kafin ka ce gilashi ya lalace ka kama hanyar Sakkwato neman mai gyara, duba gefen hagu na gilashin zuƙowa. Ƙananan makunnai ne jere a wurin, hannun riga ko bakin jaka ya isa ya ture su.

Fara da mai AF da MF (a Nikon, M/A da M). In ya koma MF, ko ka danna maɓalli rabi kyamara ba za ta nemi saiti ba. Mayar da shi AF.

Sai na hana rawar hannu, IS a Canon, VR a Nikon. Wannan ya fi yaudara, don a ɗan allon bayan kyamara komai lafiya lau yake, sai an wanke hoto a ga fuskar ango biji-biji. In kana zuƙo masunta a madatsar Goronyo a 200mm, bar shi a kunne. In ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, kashe shi, musamman in gilashin tsoho ne.

Na uku mai taƙaita nisa ne. A Canon 70-200mm f/2.8 ƙira ta biyu, ko dai 1.2m ko 2.5m. Da ya goce zuwa 2.5m, amaryar da ke kusa da kai ba za ta kamu ba, gilashi zai yi ta kai-komo.

Bayan ka daidaita su, goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle, ka yanko salatef na yadi ka manna a kai, ka ɗan naɗe bakinsa don samun abin kamawa. Guji baƙin salatef na masu wayarin: zafin Afrilu na narkar da danƙonsa ya gangara cikin makunni, ƙura ta bi ta manne. In babu na yadi, yanko faffaɗar roba daga tsohon tubun mashin ka zura a kan makunnan, amma kada ta hau zoben zuƙowa.

A jaka, kwantar da gilashin makunnai suna kallon sama. Duk sa'ad da ka ciro shi, ɗauki hoton gwaji, ka zuƙo idon mutumin a allo ka tabbata ya fito tas kafin liman ya fara addu'a.