Ina shayarwa, ta yaya zan rage ƙiba?

Tambaya: Wata uku ke nan da haihuwata, har yanzu tumbina bai koma ba. Ƙawata ta ce in sayi shayin rage ƙiba a kasuwar Aboabo. In sha? Maijego daga Jisonayili, Tamale.

Amsa: 'Yar'uwa, barka da sauka lafiya. Don Allah ki bar shayin nan. Yawancinsa gudawa yake sawa, ruwan jikinki zai zuƙe, kitsen na nan.

Jikin da ya yi wata 9 yana cika ba zai koma a wata uku ba. Shayarwar kanta tana cin kimanin kalori 500 kullum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Saboda haka kada ki ƙuntata wa cikinki. Raguwar rabin kilo a mako ta isa.

Ki ci tuwon zafinki da miyar ayoyo ko zogale, ki ƙara wake da kifi, ki rage malmala. Sikarin koko da lemon kwalba su za ki fara yankewa. Ki goya yaron ki taka da yamma, idan ranar Tamale ta yi sanyi.

In tiyata aka yi miki, ki tambayi unguwarzoma ranar awo kafin ki fara motsa jiki.